Na Buga wa Mai Rai Takardar Mutuwa

Malama Rositsa,

Ki taimake ni da shawara, kuma don Allah ki hanzarta, domin Asabar mai zuwa ce ranar da na tsayar. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Shekaruna tamanin da ɗaya, sai ki yi haƙuri da rubutun. A makarantar zamaninmu an koya mana cewa namiji ba ya kai kukansa gaban baƙi, to amma waɗanda zan kai wa kukan a gida duk sun riga ni tafiya.

Na san kin ga bidiyon nan na Kalin, yaron da ke tsayawa a dandamali da makirufo yana ba mutanen Sofia, babban birninmu, dariya. Ƙasar nan kaf ta gani. Matar da ya haska hotonta a allo matata ce. Sunanta Zlatka. Na rubuta sunan ne saboda duk surutun da ake yi a talabijin ba wanda ya kira shi, sai dai a ce "tsohuwar cikin bidiyo".

Asabar ɗin nan take cika shekara da rasuwa. Mun yi shekara hamsin da huɗu tare, a masaƙa ɗaya muka yi aiki har aka rufe ta. Da ta rasu na je wurin masu shirya jana'iza a buga mini takardar sanarwar mutuwa, wadda kowa a ƙasarmu ke mannawa a ƙofar gida da jikin bishiya da bakin coci. Yarinyar wurin ta ce in kawo hoto mai natsuwa, irin na katin shaida. Na ƙi. Zlatka ta tsani hoton katinta, takan ce ta yi kama da wadda aka kama da satar kaji. Na kawo wanda aka ɗauke ta a gonar inabin ƙanwarta, ɗankwali ya karkace, baki buɗe tana dariya har ana ganin haƙorinta na gwal. Yarinyar ta nuna mini baitocin da mutane suka saba zaɓa a sa a ƙarƙashin hoto, na ce ni zan rubuta nawa. Ba waƙa ba ce, ban iya waƙa ba. Layi biyu ne: "Zlatka, har yanzu kofi biyu nake dafawa da safe. Naki yana hucewa." Da aka yi arba'in na sabunta takardar, da aka yi wata shida na sake sabuntawa, hoto ɗaya, magana ɗaya.

Kalin ɗan garinmu ne. Uwarsa Donka ta yi aiki a ɗakin rini na masaƙarmu, ta zo jana'izar Zlatka, ta karɓi dafaffiyar alkamar sadaka daga hannuna, ta ce Allah ya gafarta mata. Shi kuma ya zo gida hutun Ista, ya wuce ta ƙofar benenmu, ya ɗauki hoton takardar da waya. Ya ɗan shafe sunan mahaifinta da baƙin layi, wai ya rufa asiri, amma lambar gidanmu tana nan sama ƙiri-ƙiri.

Ni ba ni da irin wayar nan. Minko, maƙwabcina na sama, shi ya sauko da tasa, ya ce, "Zauna tukuna, dattijo, kuma ka sha maganin jininka kafin in nuna maka." Na zauna. Sai ga Zlatka ta cika allo, fuskarta ta fi ƙofa girma, yaron yana tsaye a ƙarƙashinta yana cewa, "Jama'a, ku dubi bangon garinmu. Kowa ya mutu fuska a murtuke kamar an kawo masa takardar kuɗin wuta. Amma ku dubi wannan kakar! Ita kaɗai ce ta ji daɗin tafiyar." Aka fashe da dariya. Sai ya lanƙwasa baya, ya sa muryarsa tana rawa irin ta tsofaffi, ya karanta layukana, sannan ya miƙe ya ce, "Haba Baba! Ai kofin nan naka ta guje wa! Shekara hamsin tana shan ruwan wanki, ta samu ta tsere, kai kuma kana bin ta da shi har kabari!" Bayan wannan ya faɗi wata magana a kan bakinta da haƙorin gwal da masu haƙa kabari. Ba zan rubuta ta ba. Akwai wata mace a layin gaba da ta yi dariya har tana share hawaye da bayan hannu. Fuskar matar nan nake gani in na rufe ido, fiye da tasa ma.

Kafin sati ya zagayo magana ta iso garinmu Gabrovo. Na shiga shagon shan kofi na bakin gada, wani ƙato mai gemu ya dube ni, ya ɗaga murya ya ce wa mai shagon, "Biyu za ka ba ni, ɗaya ka bar shi ya huce." Abokansa suka sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Na fita da sandata ban sha komai ba. Da na dawo gida na tarar wani ya zana kofi mai hayaƙi da biro a jikin takardar, kusa da fuskarta.

Kada ki ce ban san wasa ba. Ni ɗan Gabrovo ne, garin da aka sani da barkwanci a kan rowarmu. Mu da bakinmu muke ba da labarin cewa muna yanke wa kyanwa wutsiya don a rufe ƙofa da sauri kada ɗumin ɗaki ya fita. Zamanin da barkwanci ɗaya a kan hukuma zai iya sa mutum ya kwana a hannun 'yan sanda, mun yi shi a bayan injin saƙa da murya ƙasa-ƙasa, kuma Zlatka ta fi kowa iyawa. Amma kanmu muke yi wa, ko waɗanda suka fi mu ƙarfi. Ban taɓa jin wanda ya tsaya a gaban bangon matattu ya zaɓi ɗaya ya yi mata tsirara ba.

Daga nan sai ƙasa ta ɗauka. Aka soke masa wasanni, wani kamfani ya janye tallarsa, limaman coci suka yi magana, ana ta cacar baki a talabijin. Abokan sana'arsa suka ce bango na kowa ne, wanda ya manna abu a titi ya ba titi, wai in an hana wannan yau gobe a hana komai. Wasu kuma suka fasa masa gilashin mota, ana aika masa da barazana. Wani kansila ya zo gidana da mai kyamara, ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Baba, muna tare da kai, ba za mu bari a ci mutuncin Inna Zlatina ba." Zlatina! Ko sunan bai riƙe ba. Ana kashe kyamara ya duba agogo. Kuma abin da na lura, masu fushin nan su ne suka fi kowa yaɗa bidiyon, kowa yana tura wa ɗan'uwansa yana cewa dubi rashin kunya. Duk wanda ya duba, ya sake ganin matata a ƙarƙashin bakin yaron nan.

Shi kuwa ya rubuta a intanet cewa yana ba da haƙuri "in akwai wanda ransa ya ɓaci". In akwai. Ya san lambar gidana, shi ya nuna wa duniya ita. Bai zo ba, bai aiko ba.

'Yata Nevena tana aikin jinyar tsofaffi a Valencia, can ƙasar waje. Ta kira ta yi kuka, sannan ta ce, "Baba, ka ƙyale shi, nan da wata biyu an manta." To wannan shi ne abin da ke hana ni cin abinci. Za a manta. Zai dawo dandamali da sabon wasa a kan yadda aka tsangwame shi, a tafa masa, ya ƙara suna. Ni kuma a bar ni da kofin da aka zana da biro.

Ga abin da na yi. Minko ya samo mini hoton Kalin yana dariya, baki buɗe. Na kai wurin yarinyar nan ta masu jana'iza, ta tambayi takardar likita, na ce babu, mai shi yana raye. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce, "Baba, wannan baki ne kake so ka yi masa, ni ba na sa hannuna." Sai Minko ya hau mota ya kai garin Sevlievo da ke kusa da mu, wurin wani mai buga takardu da ba ya tambaya. Yanzu suna nan a aljihun tebur, ƙarƙashin tawul ɗin Zlatka. Baƙin zagaye, gicciye a sama, cikakken sunansa, shekarar haihuwarsa da wannan shekarar. A ƙasa na sa: "Shi ma ya tafi yana dariya." Sun yi kyau ƙwarai. Ba mai gani ya yi shakka.

Safiyar Asabar, kafin in tafi maƙabarta, zan manna su a ƙofar benen Donka, da bishiyar da ke tashar bas ɗin unguwarsu, da bakin coci. Donka tana fita kullum sayen burodi da kindirmo, kuma tana tsayawa a bango kamar yadda dukkanmu tsofaffi muke tsayawa, mu ga wa ya tafi, wa ya rage. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa yaron yakan yi makonni bai kira ta ba. Za ta gani kafin ta kai ga waya. Wannan ɗan lokacin nake so, tsakanin bango da waya. Ina so daga baya ta gaya masa yadda ta ji, ya ji shi a muryar uwarsa, domin na tabbata ba ta wata hanya da zai ji.

Na san tana da ciwon zuciya. Kada ki zaci ban yi tunanin haka ba. Mun haɗu a kantin magani kwanan baya, ta tare ni ta ce, "Yaya, na rantse na yi masa faɗa. Amma ka san yaran yanzu, abincinsa ke nan." Matata ce abincin nasa, Malama. A nan ne dabarar ta zo mini.

Tambayoyina biyu ne. Shin doka za ta kama ni? Ba tsoron gidan yari nake yi ba a shekaruna, sai dai ba na so a riƙe ni in rasa zuwa kabarinta ranar cikar shekara. Na biyu, Minko ya fara noƙewa. Yanzu cewa yake yi a kai takardun Sofia a manna a ƙofar gidan wasan, a bar tsohuwa. Ni kuwa na san a can dariya za su yi, su ɗauki hoto da su. Wa ke da gaskiya tsakanina da shi? Ki buga wasiƙar in kin so. Donka idonta ba ya karanta ƙananan haruffa, Kalin da irinsa kuwa ba su san har yanzu ana sayar da jarida ba. Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki ce in yafe. Limamin cocinmu ya riga ya faɗa, na ji, ban iya ba.

Mijin Zlatka,
Gabrovo

*

Baba,

Allah ya gafarta wa Zlatka. Ba zan ce ka yafe ba, ba a ba da umarnin yafiya. Amma amsata ga tambayarka ita ce, daga kai har Minko ba mai gaskiya. Kada ka manna takardun nan, ko a ƙofar Donka ko a Sofia.

Bari in fara da abin da aka yi maka. An zalunce ka, kuma ba ƙaramin zalunci ba. Ina cikin masu kare 'yan barkwanci, na sha rubuta haka a wannan shafi. Suna da damar yi wa al'adunmu dariya, har da bangon matattu da fuskokinmu na katin shaida, kuma farkon wasan nasa da ya tsaya a nan da ba wanda zai ce masa komai. Ba na goyon bayan masu fasa mota da masu barazana, waɗannan ba don Zlatka suke yi ba, kai ma ka gane haka. Amma takardar da mutum ya manna a ƙofarsa don maƙwabta su tuna da matarsa ba kyauta ba ce ga duk mai waya. Kalin ya ɗauki mace mai suna, da miji mai rai, da lambar gida, ya sayar da tikiti a kansu. Kuma maganar da ya gina wasan a kanta ƙarya ce. Bai san ta ba. Hoto ɗaya ya gani, kai ka ga shekara hamsin da huɗu.

Yanzu dubi dabararka. Wa za ta samu? Kalin yana Sofia, zai tashi da rana tsaka ya ji labari. Wadda za ta tsaya a gaban takardar da jakar burodi a hannu tsohuwa ce mai ciwon zuciya, wadda ba ta hau dandamali ba, wadda ta zo ta tsaya a jana'izar matarka. Maganar da ta faɗa a kantin magani ba ta yi daɗi ba, na yarda, amma maganar uwa ce da kunya ta rufe ta rasa abin faɗa. Kana so ka ɗauki wadda ba ta yi maka komai ba ka yi amfani da ita don wani ya ji a jikinsa. Abin da aka yi da Zlatka ke nan. Kuma kana lissafin cewa za ta kai ga waya. In ba ta kai ba fa? Na tambayi lauyar jaridarmu, ta ce ko Donka ba ta faɗi ba kana iya samun kanka a gaban alƙali, in kuwa ta faɗi to magana ta wuce ta takarda.

Ga kuma abin da nake ganin zai fi ci maka rai. Yau duk ƙasar nan ta san wa ya yi laifi. Ranar da takardun nan suka hau bango, labari ya juya: tsohon da ya nemi kashe uwar ɗan wasa. Kansilan nan zai je ya riƙe hannun Donka. Sabon wasan da kake tsoro, kai za ka rubuta masa shi, kuma sunan Zlatka zai sake shiga ciki.

Kana son ya ji a jikinsa, to ga hanyar da zai ji. Ka rubuta masa layi uku, ka ba Donka ta isar, ita ce ta fi kowa sanin yadda za ta same shi. Ka ce ya zo maƙabarta ranar Asabar, ba waya, ba kyamara, ba lauya. Ya ɗauki tiren alkamar da hannunsa, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana miƙa musu, kowa ya ce Allah ya gafarta wa Zlatka yana kallon idonsa, shi ma ya amsa da sunanta. Mutumin da ya saba ɗaki ya tafa masa, ka bar shi ya tsaya cikin tsofaffin masaƙa da suka san ta, ba mai dariya. Ba sai ka miƙa masa hannu ba, ba sai ka ce masa komai ba. In ya ƙi zuwa, ka sanar da ni, zan buga a nan cewa an gayyace shi ya ƙi, kuma wannan ba abin da zai iya mayarwa wasa ba ne.

Sauran abubuwa uku. Ka je wurin lauya ranar Litinin a kan hoton da lambar gidanka, a rubuta masa ya sauke bidiyon daga shafukansa kuma ya cire wannan ɓangare daga wasansa har abada. Ba zai goge shi daga duniya ba, amma zai hana shi ci gaba da cin abinci da shi. Ka sa a buga wa Zlatka sabuwar takardar cikar shekara da hoton nan nata da layukanka biyu, kada ka sauya harafi ɗaya, ba su da abin kunya. Sannan ka kira Nevena ka gaya mata abin da ke cikin aljihun tebur. Ta ce ka ƙyale ne don ba ta san inda abin ya kai ka ba. Ba daidai ba ne mutum mai shekarunka ya riƙe irin wannan shi da maƙwabci kawai.

Kai kuma Kalin, na san wani zai nuna maka wannan shafi, ko da ba ka sayen jarida. Ka kira uwarka yau. Bas na zuwa Gabrovo kullum.

Baba, takardun nan kada su kwana a gidanka. Ka hau da su wurin Minko, ko ya sauko, ku yayyaga su tare a gaban idonka, kada a bar ko ɗaya don tarihi. Na faɗi haka ne saboda safiyar Asabar za ta yi maka nauyi, kuma mutum a irin wannan safiya yana iya yin abin da ya ce ya fasa. Donka za ta fita sayen burodi ranar, ta tsaya a bango kamar kullum. Ka bar ta ta karanta sunayen waɗanda suka tafi da gaske, ta wuce gida da ƙafarta.

Allah ya ba ka ƙarfin tsayawa a kabarin matarka, ya sanyaya maka zuciya a lokacin da ya ga dama. Ka rubuto mini in ji yadda aka yi.

Rositsa